Wa Ya Kori Mujiya Daga Sahun Masu Yabo?

Akwai wani irin wa'azi da ya yi kaka-gida a majami'u da dama na ƙasar nan, musamman a nan Kudu inda muke zaman neman ilmi, wanda kuma sannu a hankali yake ta haurawa Arewa ta rediyo da talabijin da wayoyin hannu, har ya soma fita daga bakin masu wa'azi da Hausa. Wa'azin kuwa shi ne wanda ya mai da kowace dabba mai yawon dare jakadiyar mayu. Mujiya ta yi kuka bisa rufin ɗaki, sai a ce wata gwaggo ce ta taso daga ƙauye don kama kurwa. Baƙar kyanwa ta gitta, an ɗaure arzikin gida ke nan. Tsaka a jikin bango 'yar leƙen asiri ce, jemage manzon duhu ne, ungulu kuwa ba a ma magana. A kwana ana roƙon wuta ta sauko ta cinye su, gari na wayewa yaran da suka ji wa'azin su ɗauki danƙo da duwatsu su ƙarasa abin da wutar ba ta yi ba.

Mu da muka tashi da Littafi Mai Tsarki na Hausa a hannu, wanda kakanninmu suka samu cikakke tun 1932, muna cewa da babbar murya wannan wa'azi ba shi da tushe a cikinsa. Abin da ke cikin Littafin kishiyarsa ne. Mun san Musulmi da Kirista ne ke karanta wannan mujalla, kuma wasu daga cikin namu za su ce mun fito da wankin gida bakin hanya. To, ai a lasifika ake yin wa'azin, unguwa duka tana ji, saboda haka amsarsa ma ba ta bukatar a shiga ƙuryar ɗaki.

Ya kai mai karatu, buɗe Zabura ta 148 ka duba yadda aka jera ta. Ayoyi 14 ne kacal. Mai zabura ya tsaya kamar shugaban mawaƙa yana kiran sahu-sahu: ya fara da mala'iku, ya kira rana da wata da taurari, sa'an nan ya sauko ƙasa ya kira dodannin teku da zurfafan ruwaye, da wuta da ƙanƙara da hazo da guguwa, da duwatsu da tuddai da itatuwa. A aya ta 10 ya kira namomin jeji da dabbobin gida, da masu jan ciki da tsuntsaye. Sai a aya ta 11 ɗan Adam ya samu shiga, sarakuna da talakawa, samari da 'yammata, tsofaffi da yara. Watau a wannan sujada mu ne 'yan baya. Mun iso mun tarar da waƙa ta yi nisa, kuma waɗanda suka riga mu zama sun haɗa da masu jan ciki, jinsin da tsaka da ƙadangare da maciji suke ciki. Mai zabura bai tsaya ya ware tsuntsun rana da na dare ba. Aya ta ƙarshe ta dukan littafin Zabura, wato ta 6 cikin Zabura ta 150, wadda babu ƙungiyar mawaƙan da ba ta rera ta ba, sharaɗi ɗaya tak ta kafa wa mai yabo, shi ne numfashi. Ko akwai wanda zai ce mana mujiya ba ta numfashi?

Annabi Ishaya ya ƙara fito da maganar fili. A sura ta 43 aya ta 20 Ubangiji ne da kansa yake cewa namomin jeji za su girmama shi saboda ruwan da ya ba da cikin hamada, ya kuma kama sunan biyu daga cikinsu. Ɗaya dila ce. Ɗayar kuwa masu fassara sun rabu a kanta, wasu sun ce jimina, wasu kuma, har da tsohuwar fassarar Ingilishi ta 1611 wadda masu wannan wa'azi suka fi riƙewa a kan mumbari, sun ce mujiya. Abin dariya, abin kuma takaici: littafin da mutum yake kaɗawa sama yana la'antar mujiya, a cikinsa aka rubuta cewa mujiya za ta girmama Allah. A can ƙarshen Littafin, cikin Wahayin Yahaya sura ta 5 aya ta 13, manzon ya ji kowace halitta ta sama da ta ƙasa da ta ƙarƙashin ƙasa da ta teku tana yabo, kuma rayayyun nan huɗu da ke kewaye da kursiyi a sura ta 4, uku daga cikinsu siffar zaki da ta maraƙi da ta gaggafa gare su, ɗaya ne kawai mai fuskar mutum.

'Yan'uwanmu Musulmi ba za su ji baƙon abu a nan ba, domin a Suratul Isra'i da Suratun Nur akwai bayanin tasbihin halittu, kuma Alƙur'ani ya ambaci duwatsu da tsuntsaye suna tasbihi tare da Annabi Dawuda. Malamansu sun fi mu sanin bayanin wannan. Mu tsakar gidanmu muke sharewa.

Mun san abin da za a fara jifarmu da shi. Za a ce ai Littafin Firistoci sura ta 11 ya lissafa mujiya da ungulu da jemage da hankaka da shamuwa cikin marasa tsarki. Haka ne, ya lissafa. Amma me aka hana? Ci aka hana. An ce wa Isra'ilawa kada su sa su a tukunya, dokar da in an duba ma kariya ce ga tsuntsayen. Babu inda aka ce a bi su a kashe, babu inda aka ce kurwar maye tana shiga cikinsu. Hankakan nan marar tsarki shi Allah ya aika ya riƙa kai wa Annabi Iliya gurasa da nama safe da yamma a bakin rafi. Shamuwar nan marar tsarki ita Annabi Irmiya ya ɗauko a sura ta 8 aya ta 7 ya kunyata mutanensa da ita, cewa ita ta san lokutanta, su kuwa ba su san ka'idar Ubangiji ba. Duk Bahaushen da ya taɓa ganin shamuwa ta sauka kan tsamiya ya koma gida ya fara gyaran iri, ya fahimci wannan aya fiye da mai digiri a tauhidi. Ƙaramar mai rarrafe a bangon fadar sarki, wadda wasu fassarori suka kira ƙadangare, littafin Karin Magana sura ta 30 ya sa ta cikin ƙananan abubuwa huɗu masu hikima, tare da tururuwa da rema da fara. Kyanwar gida kuwa, baƙa ko fara, ko sau ɗaya ba a ambace ta ba cikin littattafai 66 da yawancin majami'un nan ke karantawa. Daga ina aka samo laifinta? Daga tsohon camfin gargajiya aka samo shi, aka yi masa wanka, aka sa masa kwat, aka miƙa masa makirufo.

Saura maciji na Farawa sura ta 3, da aladun nan wajen 2,000 da aljannu suka shiga cikin Markus sura ta 5. Ba mu tsallake su ba. Aladun dai kiwo suke yi, ba su gayyaci kowa ba, su ne ma suka yi asarar rai, kuma a cikin mutum aljannun suka fara zama kafin su koma kansu. In da wannan labari hujja ce ta jifa, da ba aladu za a fara jifa ba. Macijin kuwa, Yesu Almasihu da bakinsa ya umurci almajiransa su yi koyi da wayonsa. Ba mu ce kowa ya kwana da kububuwa a ɗaki ba. Kashe abin da zai sari ɗanka tsaron rai ne, kowa ya san wannan. Abin da muke ƙi shi ne a ɗora wa dabba zunubin da ba ta san shi ba, a kuma koya wa yara cewa zaluntarta ibada ce.

Akwai kuma 'yan boko irinmu, masu nazarin adabi, waɗanda nasu musun ya fi laushi. Su cewa suke yi duk wannan adon harshe ne, mutuntarwa ce irin wadda muke koya a aji, zaki ba ya buɗe baki ya yi zabura. Mun yarda zaki ba ya haddace aya. Amma tun yaushe adon harshe ya zama ƙarya? Da Bahaushe ya ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa, ai ba cewa ya yi kurciya ta iya nahawu ba, kuma ba wanda ya taɓa ce masa ya yi ƙarya. Zabura ta 104 ta nuna irin yabon da ake nufi: jakunan jeji suna kashe ƙishi a maɓuɓɓuga, shamuwa ta yi sheƙa a kan dogon itace, rema ta fake cikin duwatsu, 'ya'yan zaki suna ruri da dare suna neman abincinsu daga wurin Allah, dodon ruwa yana wasa cikin teku. Kowace halitta tana yin abin da aka halicce ta dominsa, a wurin da aka ajiye ta. Yabonta ke nan. In kuwa haka ne, wanda ya ƙarar da wani jinsi daga doron ƙasa ya rufe wani baki da Allah ya buɗe.

Bugu da ƙari, ba cikin waƙa kaɗai maganar take ba, balle a ce zumuɗin mawaƙi ne. Tana cikin shari'a, inda ba a ado. Fitowa sura ta 23 aya ta 12 ta ba sa da jaki hutun Asabar. Maimaitawar Shari'a ta hana a sa wa sa takunkumi yana sussuka, ta kuma hana wanda ya tsinci sheƙa ya haɗa uwa da 'ya'ya ya kwashe. Alkawarin bakan gizo cikin Farawa sura ta 9, wanda muke koya wa yara a makarantar Lahadi kamar tsakanin Allah da Nuhu ne kawai, a koma a karanta shi: an yi ta nanatawa cewa da kowane mai rai aka ƙulla shi, tsuntsu da dabbar gida da naman jeji. Ba a ƙulla alkawari da kayan ado.

Sai babbar hujja, wadda ake ji kusan kowace Lahadi a majami'un neman arziki, wato mulkin da aka ba ɗan Adam cikin Farawa sura ta 1 aya ta 28. An mai da ayar nan lasisi. A 1967 wani masanin tarihi Ba'amurke, Lynn White, ya buga maƙala yana ɗora wa Kiristancin Turai babban kaso na alhakin lalacewar muhalli saboda yadda aka fahimci wannan aya. Malaman ikkilisiya sun yi ta mai da masa martani, amma duk fastan da ya tsaya ya yi wa'azin mallaka ba tare da ya ƙarasa zuwa sura ta 2 aya ta 15 ba, inda aka sa Adamu cikin gona ya noma ta ya kuma kiyaye ta, to shaida yake ba White kyauta. Mu Hausawa mun san sarauta. Sarkin da ya cinye talakawansa, kufai zai mulka.

Wanda kuma yake ganin dominsa aka yi komai, ya je ya zauna da Ayuba daga sura ta 38 zuwa ta 41. Mutum ne ya rasa 'ya'ya goma da dukiya da lafiya, yana neman Allah ya ba shi dalili. Da Allah ya amsa daga cikin guguwa, sai ya zaga da shi jeji. Ya tambaye shi wa ke ciyar da 'ya'yan hankaka, ko ya san lokacin haihuwar awakin dutse, ko ɓauna za ta yarda ta kwana a turkensa ta ja masa garma. Ya nuna masa jimina, wadda ba a ba ta wayo ba har takan bar ƙwanta a ƙasa, amma in ta zabura sai ta yi wa doki da mahayinsa dariya. Ya ce masa yana sa a yi ruwa a ƙasar da babu mutum ko ɗaya. Wannan ayar ita ce ta fi ci wa masu wa'azin mallaka tuwo a ƙwarya, domin ruwan da ya sauka inda ba gona ba rijiya ba mai baiko, a lissafinsu asara ce. A lissafin Mai ruwan kuwa akwai masu sha.

To, me muka yi da wannan mulki? A ɗauki jaki, dabbar da ta ga mala'ika kafin Bal'amu ya gani, dabbar da Almasihu ya hau ya shiga Urushalima. Shekara da shekaru ana loda jakuna a manyan motoci daga kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari ana gangarowa da su Kudu, zuwa wurare irin kasuwar Ezzamgbo ta Jihar Ebonyi, a yanka, a sayar da naman, fatar kuwa a yi ƙasar Sin da ita inda ake dafa ta a yi wani magani da ake kira ejiao. Abin ya kai Nijar da Burkina Faso suka hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma a taronta na Addis Ababa cikin Fabrairun 2024 ta haramta yanka su don fata. Gwamnatoci sun yi magana. Mumbarin da ke karanta labarin jakin Urushalima kowace shekara ranar Lahadin ganyen dabino, shiru. Alhali talakan da jakin nan ke ɗauko wa ruwa da itace da taki, shi ne ke zaune a bencin baya.

A ɗauki ungulu. Duk wanda ya girma a Arewa ya san da can ba a raba ta da mahauta da bayan kasuwa. Yau yaro zai iya gama sakandare bai taɓa ganinta ba sai a karin magana. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun nan tamu cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Guba ake sa mata, a sayar da kanta da ƙafafunta a kasuwar 'yan magani, masu saye kuwa ba daga wata duniya suke zuwa ba, akwai masu zuwa sujada a cikinsu. Ga ƙunar daji da rani don a kama gafiya guda, a toye ƙwai da ƙwari da bushiya da duk abin da bai iya gudu ba. Ga zuba Gamalin cikin rafi, a kashe kifi babba da ƙarami da kwaɗi, a kwashi na kwasa a bar saura ya ruɓe. Karkandan Afirka ta Yamma, wanda ragowarsa ta ƙarshe take arewacin Kamaru, an sanar da ƙarewarsa a 2011. Wannan murya ta fita daga sahu, ba kuma za ta dawo ba.

Musu na ƙarshe shi ne wanda ya fi nauyi, ba kuma za mu yi masa riƙon wasa ba. Za a ce ana binne mutane a Filato da Binuwai da Kudancin Kaduna da Zamfara, ku kuna kukan ungulu? Wanda ya faɗi haka cikin hawaye, muna sunkuyar da kai gabansa. Almasihu da kansa ya ce mutum ya fi 'yan tsuntsaye masu yawa daraja. Amma a cikin numfashi guda ya faɗi cewa biyar ɗin nan da ake sayarwa a kan kuɗi ƙalilan, ko ɗaya ba a manta da shi a gaban Allah ba. Daga darajar tsuntsu ya hau zuwa darajar mutum. In ka zare matakin ƙasa, da me za ka hau? Sa'an nan rabuwar da ake yi tsakanin lafiyar dabba da ta mutum, a takarda kawai take. A Indiya, cikin shekarun 1990, wani maganin ciwo da ake yi wa shanu, diclofenac, ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu jinsunan ungulu. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan sake suka yawaita, ruwa ya gurɓata. An hana amfani da maganin ga dabbobi a 2006, amma wani bincike da aka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulun ya jawo mutuwar mutane kimanin 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Ashe jewar ungulu ba ta banza ba ce, aiki take yi mana, ba albashi ba godiya. Mujiyar da ake jifa kuwa ɓera take ci, ɓeran da ke fasa rumbu yake kuma yaɗa zazzaɓin Lassa.

Akwai ma wani abu mai ɗaci da ya kamata mu faɗa wa kanmu. A rikicin manoma da makiyaya, yadda ake sakin shanu su cinye gonar bawan Allah zalunci ne, haka kuma yadda ake sassare shanu ko a sa musu guba don ramuwa zalunci ne. Saniya ba ta da ƙabila, ba ta san gonar wa ta shiga ba. Tana cikin aya ta 10.

Ba sabon addini muke kawowa ba, ba kuma bautar halitta muke kira a yi ba, domin wanda yake cikin sahun masu yabo ba shi ake yaba wa ba. Faransis na Assisi, wanda ya rasu a 1226, yana kiran halittu 'yan'uwa, ikkilisiyar Katolika kuma ta naɗa shi waliyyin masu kula da muhalli a 1979, marigayi Fafaroma Francis ya kuma rubuta doguwar wasiƙa kan wannan batu a 2015. Manzo Bulus ya riga su duka, inda ya ce cikin Romawa sura ta 8 dukan halitta tana nishi kamar mai naƙuda tana jiran 'yanci tare da mu. Ba kuma cewa muka yi a daina cin nama ba. An halatta shi tun zamanin Nuhu, Almasihu ma ya ci gasasshen kifi bayan tashinsa. Mahaucin da ya wasa wuƙarsa ya shayar da dabbarsa kafin yanka ya fi kusa da Karin Magana sura ta 12 aya ta 10 fiye da mai azumin kwana 40 da ke tura yara jifar kyanwa.

Inda aka kula kuwa ana ganin amfani. Raƙuman dawa na yankin Kure a Nijar sun ragu zuwa wajen 50 a 1996, da aka tsare su tare da haɗin kan ƙauyawa sai suka haura 600. Mariri, wanda aka ce ya ƙare a jeji a 2000, an mai da shi Chadi a 2016, yana kuma haihuwa. Ba mu ga abin da zai hana makarantun tauhidi da ke koyarwa da Hausa su sa Ayuba 38 zuwa 41 cikin darasin wa'azi ba, ko zumuntar mata da ta matasa su ɗauki hana ƙunar daji da zuba guba a rafi a matsayin aikin ikkilisiya, kamar yadda suka ɗauki gaisuwar marasa lafiya.

Ga masu wa'azin mayu kuwa, bukatarmu ɗaya ce, mai sauƙi. Su kawo mana littafi da sura da aya inda aka ce mujiya ko kyanwa ko tsaka ko ungulu mayya ce, ko inda wani annabi ko manzo ya yi addu'a a kan tsuntsu ya mutu. Mu mun kawo namu da lambobinsu, kowa na iya dubawa. In za su amsa, su haɗa da bayanin abin da ya sa, sa'ad da Allah yake faɗa wa Yunusa dalilinsa na tausaya wa Nineba, bayan ya ƙidaya mutane fiye da 120,000 bai tsaya nan ba sai da ya ambaci dabbobin birnin. Mujallar nan tana fitowa kowace shekara, suna da watanni goma sha biyu su bincika.